Madubin Likitan da ke Kulle a Kabad: Darasi a kan Yadda Jami'o'i ke Kai Kimiyya ga Ɗalibai da Jama'ar Gari



Bari mu fara da tambayar da muka yi wa junanmu a zaman ƙungiyarmu na makon jiya: a cikinmu wa ya taɓa kafa ido a bakin madubin likita, ya murɗa shi da hannunsa har ya ga ƙwayar halitta? Dukkanmu mun zana ta a littafin Bayoloji, mun san inda ake jan layi a rubuta sunan kowane sashe, wasunmu har da fensir mai launi. Da aka zo maganar gani da ido kuwa, sai ɗakin ya yi tsit. Madubin yana nan, mun san kabad ɗin da yake ciki. Ana fito da shi idan jarrabawar gwaji ta WAEC ta ƙarato, a jera mu a layi, kowa ya leƙa kaɗan a ce ya matsa. Ba mu ga laifin malamanmu ba. Na'ura ce mai tsada, in ta lalace ba a san ranar samun wata ba, kuma wanda makulli ke hannunsa shi za a tuhuma.

Mun ɗauko maganar ne yanzu saboda ƙannenmu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun kusa zaɓen ɓangaren da za su shiga. Da yawa za su guje wa ajin kimiyya don an ce musu akwai wuya, wasu kuma za su shiga don an ce musu su zama likitoci, alhali duka ɓangarorin biyu ba su taɓa ganin yadda ake yin kimiyyar ba. Wannan giɓin ne wasu jami'o'i a duniya suke ƙoƙarin cikewa, ta hanyar fitowa daga harabarsu su kai gwaje-gwaje makarantu da kasuwanni da gidajen rediyo, ko su buɗe ƙofa yara su shigo. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan aikin yake.

Ɗan maƙerin da aka ba tikiti

Labarin da aka fi kafa hujja da shi a wannan fage shi ne na Michael Faraday, wanda muke haddace dokokinsa a Fiziks. An haife shi a Ingila a 1791, mahaifinsa maƙeri ne, kuma karatun da ya samu bai wuce na koyon rubutu da lissafi ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin da masanin Kemistiri Humphry Davy yake yi wa jama'a a cibiyar Royal Institution da ke Landan. Yaron ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke takardun suka zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mai taimako a ɗakin gwaje-gwaje. A 1831 ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki tana gudana a cikin wayar. Janareton da ke ruri a unguwarku da injinan da ke madatsar ruwa ta Kainji duk a kan wannan ka'ida suke aiki.

Faraday bai manta ƙofar da ya shigo ta ba. A 1825 cibiyar ta fara laccocin ƙarshen shekara domin yara, kuma shi kansa ya gabatar da su har sau 19. Mafi shahara a ciki shi ne wanda ya ɗauki kyandir ɗaya tak ya koyar da konewa da iska da ruwa da numfashi da shi. Har yau ana yin waɗannan laccoci, ana nuna su a talabijin, kuma yawanci malaman jami'a ne ke gabatarwa.

Madubin takarda

A 2011 wani malamin Jami'ar Stanford ta Amurka, Manu Prakash, ɗan asalin Indiya, ya ziyarci wata tashar bincike a ƙasar Tailan. Ya tarar da madubin likita mai tsadar gaske a ajiye, kowa yana tsoron taɓa shi don kada ya lalace a hannunsa. Da muka karanta wannan sai muka kalli juna, don kamar kabad ɗinmu ake bayani. Prakash da ɗalibinsa Jim Cybulski suka zauna suka ƙirƙiro madubin da ake yi da takarda mai kauri, a yanka a nannaɗe kamar yadda muke yin jirgin takarda. Sun sa masa suna Foldscope, sun wallafa bayaninsa a 2014, kuma kuɗin kayan haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. Yana ƙara girman abu sau 140, ana iya sa shi a aljihun riga, in ya faɗi ƙasa ba ya fashewa. Zuwa yanzu an raba fiye da miliyan ɗaya a ƙasashe sama da ɗari.

To, ta yaya takarda za ta yi aikin na'ura? Amsar ita ce takardar riƙo kawai take yi. Aikin yana wurin wani ɗan ƙwallon gilashi, ƙarami kamar ƙwayar gero, da aka dasa a tsakiyarta. Mun koya a Fiziks cewa haske yana karkacewa idan ya fita daga iska ya shiga gilashi ko ruwa. Gwargwadon yadda fuskar gilashin ta lanƙwashe, gwargwadon yadda hasken zai karkace ya taru a kusa. Ƙaramin ƙwallo kuwa ya fi babba lanƙwasa, shi ya sa ya fi shi ƙarfin ƙara girma. Da irin wannan gilashi guda ɗaya wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya fara ganin ƙwayoyin bakteriya a shekarun 1670, shi ma bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Kuna iya gwada ka'idar yau ɗin nan. Ku samu farar leda mai haske ku shimfiɗa a kan rubutun jarida, ku ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a kai, ku ɗan ɗaga ledar sama kaɗan. Haruffan za su kumbura. Sai ku sake da ɗigo mafi ƙanƙanta, za ku ga ya fi babban ƙara girma, sai dai wurin da yake nunawa ya ragu. Game da ƙarfin Foldscope kuma, yana iya bambance abubuwan da tazararsu ta kai kimanin maikiron 2, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jinin mutum tana da faɗin maikiron 7 zuwa 8, ke nan ana iya ganinta da shi.

Na kusa da gida

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A 2011 wasu masana uku, Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da Sadiq Yusuf, suka kafa ƙungiyar TReND in Africa, wadda ta fara da shirya kwasa-kwasan ilimin ƙwaƙwalwa a ƙasar Yuganda. Dabararsu ita ce a yi bincike da abin da ba ya cin kuɗi. Maimakon ɓeraye masu tsadar kiwo, sai suka koma ga ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da tumatir. Kada ku raina shi. Cikin kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama babba, ayaba kaɗan ta ishe shi abinci, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna haddasa cututtuka a jikin mutum suna da takwarorinsu a jikinsa. Da shi Thomas Hunt Morgan ya yi binciken gado a Jami'ar Columbia tun 1910, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1933.

A cikin wannan ƙungiya akwai Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, wanda ya yi digirin farko a Jami'ar Maiduguri sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar mantuwa ta tsufa da ake kira Alzheimer. Shi ya jagoranci sashen wayar da kai na ƙungiyar, ya shirya tarurrukan kimiyya ga ɗalibai da malamai da 'yan jarida, ya kuma kafa dandalin Science Communication Hub Nigeria don haɗa masana da jama'a. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu bisa jagorancinsa, da manyan na'urorin hangen ƙwayoyin halitta. Cikin abubuwan da cibiyar ta sa a gaba har da ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa. Wannan ya burge mu matuƙa, domin tambayar da ake bincike a kai daga bakin mutanen gari ta fito.

Me ya shafi jama'ar gari?

Wani zai ce, ɗalibai dai mun ji, amma ina ruwan mai sayar da hatsi da abin da ake yi a jami'a? Tarihin yankinmu ya isa amsa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Tsoron bai taso haka kawai ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Sai a 2004 aka ci gaba da rigakafin, bayan cutar ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin shi ne zama da sarakuna da malamai da iyaye mata, a yi musu bayani da harshensu, a kuma saurari tambayoyinsu. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ga wani misalin da ke faruwa har a cikin azuzuwanmu. Idan farfaɗiya ta kada ɗalibi, sai a watse a bar shi don an ce yawunsa yana yaɗa cutar, ko a cusa masa cokali a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta daga wani. Hargitsewar saƙonnin lantarki ce a ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da ita, har kashi 70 cikin 100 nasu na iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Abin da ya kamata a yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe idan jijjigar ta lafa, kada a sa masa komai a baki. In ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Wannan bayanin bai fi na minti biyu ba, amma sai wani ya fito daga jami'a ko asibiti ya faɗe shi kafin ya iso wurinmu.

Su wa aka bari a baya?

Ɓangare na biyu na wannan aiki shi ne duba waɗanda ba a cika gani a ɗakin gwaje-gwaje ba. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa mata kusan ɗaya ne cikin uku na masu bincike a duniya, shi ya sa a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Fabrairu ta zama ranar mata da 'yan mata a fagen kimiyya. A nan wurinmu mun san yadda abin yake tafiya. Yarinya tana cin Lissafi fiye da kowa a aji, amma a ce mata karatun likita ko injiniya yana da tsawo, ta nemi gajere. 'Yan uwanmu mata, ku riƙe sunan Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta koyar a can da Jami'ar Jos, ta zama farfesar Fiziks a 1980, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Afirka. Da kuma Farfesa Grace Alele-Williams, masaniyar Lissafi da ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato Jami'ar Benin, a 1985.

A Amurka, inda baƙaƙen fata suka daɗe ba su da yawa a fagen bincike, Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore ta kafa shirin Meyerhoff a 1988. Ya fara da samari baƙaƙen fata, daga baya aka buɗe shi ga mata, sannan ga kowa. Tallafin kuɗi yana ciki, amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sauran tsarin. Ana tara ɗaliban na mako shida kafin a buɗe jami'a a shirya su, ana sa su yin karatu rukuni-rukuni, ana kuma haɗa kowa da malamin da zai sa shi a aikin bincike tun da wuri. Kizzmekia Corbett, ɗaya daga cikin jagororin masanan da suka haɗa rigakafin korona na Moderna, a wannan shiri ta taso. Karatun rukuni dai ba ya buƙatar dala, mu ma muna iya yin sa a gindin bishiyar darbejiya.

Sai batun harshe, wanda a ganinmu shi ne babban shingen ɗan ƙauye. Sau da yawa ɗalibi ya gane abin, Turancin ne ya kayar da shi. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da wasu 'yan firamare dukkan darussa da Yarbanci na shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Shi ya sa muke rubuta wannan darasi da Hausa.

Inda muke da ja

Ba za mu ɓoye muku shakkunmu ba. Ziyarar kwana ɗaya, a zo da farin kwat da na'urori, a ɗauki hoto, a raba biskit a tafi, ba ta maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje mai ruwa da wuta da malami ƙwararre. Kuma masu wannan ziyara sun fi zuwa makarantun cikin birni da ke bakin titi, waɗanda dama sun fi samun gata. Shirin da ya ci sunansa shi ne wanda ya horar da malamanmu, ya bar mana wani abu a hannu, ya kuma dawo. Idan baƙi suka zo mana, waɗannan ukun za mu tambaye su cikin ladabi.

Gwajin ayaba

Ga gwajin da masu wannan aiki suka fi yi wa ɗalibai, kuma kayansa duk suna kasuwarmu. Za mu fito da DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, daga cikin ayaba. Ana buƙatar rabin ayaba nunanniya, leda mai ƙwari, rabin kofi na ruwa, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ƙaramin cokali biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, tsumma mai tsabta na tacewa, tambulan na gilashi, tsinken sakace, da sifirit na kemis wanda aka sanyaya sosai a cikin ƙanƙara.

A sa ayabar a leda a murje ta da hannu har ta zama kamar kunu. A narkar da gishirin a ruwa, a zuba sabulun a juya a hankali don kada ya yi kumfa, sai a juye a cikin ledar a gauraya, a bar shi minti goma. A tace a cikin tambulan. Daga nan a karkata tambulan ɗin, a tsiyaya sifirit a jikin gilashin sannu a hankali, kimanin yawan ruwan da aka tace, yadda zai kwanta a sama ba tare da ya gauraya ba. Bayan 'yan mintuna za a ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa a inda ruwan biyu suka haɗu. A naɗo shi da tsinke.

Kowane mataki da dalilinsa, kuma dalilin ne darasin. Murjewa tana wargaza tsokar ayabar. Fatar da ta lulluɓe ƙwayar halitta da cibiyarta da maiƙo aka yi ta, sabulu kuwa aikinsa narkar da maiƙo, kamar yadda yake yi wa kwanon miyar manja, don haka sai abin da ke ciki ya fito. Zaren DNA yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da ke sa zaruruwan su ture juna, gishiri ne ke kashe wannan cajin su samu haɗuwa. DNA yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a sifirit, musamman mai sanyi, shi ya sa yake dunƙulewa ya bayyana. Mu faɗi gaskiya, abin da za ku naɗo ba DNA zalla ba ne, akwai wasu sinadaran ayabar da suka biyo shi. Amma da dabara mai kama da wannan Friedrich Miescher ya fara ware shi a Jamus a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti. Idan aka miƙe DNA na ƙwayar halittar mutum guda ɗaya, tsawonsa zai kai kimanin mita 2.

Gargaɗi: sifirit guba ne, kuma yana kama wuta nan take. Kada a sha, kada a kai shi kusa da murhu ko ashana, kuma a yi gwajin a gaban malami.

Abin da muka shirya

Ƙungiyarmu ta haɗa kai da 'yan ƙungiyar JETS, mun rubuta takarda zuwa ga shugaban Tsangayar Kimiyya ta jami'ar da ke kusa da mu, za ta bi ta ofishin shugaban makaranta don ya sa hannu. Abu uku muka roƙa: a turo mana ɗaliban jami'a su nuna mana gwaje-gwaje, a cikinsu a samu mata, kuma a yi bayanin da Hausa da Turanci, a ba 'yan aji uku damar ziyartar ɗakunan gwaje-gwajensu kafin su cike fom na zaɓen ɓangare, sannan a ba malamanmu na kimiyya horon kwana ɗaya. Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, malamin Bayoloji ya amince zai buɗe kabad ɗin ranar Laraba bayan an tashi, za mu duba fatar albasa da ruwan kududdufin bayan ɗakin kwana, sannan mu yi gwajin ayaba. Wurin mutum 30 ne, kuma mun ware rabi ga 'yan aji uku. Mai so ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasan wannan allo, ya zo da ayabarsa.